Fijo 504: ta wace shekara ya kamata ka nema?

Duk wanda ya ce zai sayi tsohuwar Fijo 504 ya gyara ya ajiye, tambayar farko da abokai za su yi masa ita ce: ta wace shekara? Tambayar tana da ma'ana, domin motar ta daɗe ana ƙera ta. A watan Satumba na 1968 aka fara nuna ta a Faransa, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, aka ci gaba da yin ta a garin Sochaux har 1983. Bayan Turawa sun rufe babinta, Ajantina ta riƙe har 1999, Kenya da Najeriya kuma suka shiga da ita sabon ƙarni. Suna ɗaya ne, fitilun gaba masu kusurwa da ɗuwawun nan mai gangara kusan duk iri ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashin bodi ya sha bamban.

Ta farko, wato daga 1968 zuwa 1970, ita ce masu tara tsofaffin motoci ke yi wa rububi. Injinta 1796cc ne, giyarta a jikin sitiyari take, tayoyi huɗu duk birkin diski, kuma kowace tayar baya tana motsi da kanta ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba. Wannan ne sirrin laushin da tsofaffin direbobi ke ba da labari, ka faɗa rami ka fito shayin da ke hannunka bai zube ba. Sai dai a nan ƙasar samunta sai an tona. Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai a watan Afrilu na 1972, saboda haka wadda aka shigo da ita sabuwa kafin lokacin, sitiyarinta a dama za ka tarar, in ba an juya shi ba. In kuwa an juya, ka duba aikin da kyau. A Nijar, inda tuƙi a dama yake tun zamanin Faransawa, babu wannan matsalar. Ni dai ba zan ba mai neman motar hawa shawarar ta farkon nan ba. Ƙananan kayanta na ciki, maɓallai da agogon gaba da sauransu, in ɗaya ya lalace sai ka yi wata da watanni kana cigiya.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne daga 1971 zuwa 1978. A ƙarshen 1970 aka ƙara girman injin fetur ya koma 1971cc, aka kuma kawo mai shan dizal 2112cc. Injin lita biyun nan shi ne wanda kusan kowane tsohon bakanike daga Fanteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano zai kwance ya ɗaura ido rufe. Yana da hannun riga da ake zarewa a cikin silinda, don haka in ya gaji ba sai an jefar da shi ba, a sauya hannun riga da fistin da zobba ya dawo ɗanye. A cikin waɗannan shekaru ne kuma motar ta yi sunan da ta yi a Afirka: a 1975 direba Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita, kuma a shekarar ce masana'antar PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa Fijo a Kaduna.

Amma a nan akwai rarrabuwa, kuma mai saye ya kan ruɗe. Samfurin GL ita ce mai kafireto da ƙafar baya mai laushi. TI tana da na'urar fesa mai ta Kugelfischer, ta fi gudu, ta fi daɗin taka wuta, amma ranar da na'urar ta yi gardama za ka gane cewa masu iya saita ta sun yi ƙaranci, kuma gurɓataccen mai ba ya yi mata daɗi. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage ma an riga an cire an sa musu kafireto, wanda hakan ya rage musu daraja wurin masu tarawa. Sai L, wadda ta fito a 1973 don masu ƙaramin ƙarfi: ƙaramin injin 1796cc, birkin diram a baya, da sandar ƙarfe guda mai haɗe tayoyin baya. Ba ta kai GL laushi ba, amma ta fi ta jure kaya da hanyar karkara. In ni ne, GL mai kafireto ta tsakiyar shekarun 1970 zan ɗauka, ba na ko waiwaye.

Daga 1979, da sabuwar Fijo 505 ta fito, sai kamfanin ya mayar da 504 ta zama ƙanwa. Salun ɗin da aka ci gaba da yi a Turai da sunan GR da SR kan tsarin L aka gina su, wato an bar laushi an kama ƙarko. A wannan zangon ne kuma a-kori-kura ta 504 ta shigo. Waɗanda muka fi sani a tashoshinmu da ma'aikatun gwamnati, na Kaduna ne na shekarun 1980 zuwa sama. Kada ka raina su. Su ne mafi sauƙin samu, kayan gyaransu suna nan birjik, kuma wadda ta yi rayuwarta a arewa ba ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ba, ba ta sha iskar teku irin ta Legas ba. Matsalarsu wahala ce: wagon ɗin nan mai layin kujeru uku, wadda ta yi shekara ashirin tana jigila tsakanin Kano da Jos da buhuna a kan rufi, babu abin da ya rage mata sai suna.

Kufe, wato mai ƙofa biyu, da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana aka fitar a 1969, wani aji ne daban, musamman masu injin V6 na 1974 zuwa gaba, irin wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ita a 1978. Kuɗinsu kuɗin Turai ne, mu wuce.

Abin da ya fi duk wannan lissafi muhimmanci shi ne, shekarar da ke rubuce a takarda ba lallai ita ce ke tsaye gabanka ba. Saboda kayan 504 suna shiga juna, sai ka ga bodin 1976 da injin 1990 da giya ta wata motar da ta mutu a hanyar Zariya. Nemi farantin lamba da ke cikin bonet, ka gwada da lambar takardu, ka duba lambar injin daban. Ɗaga kafet ka ga ƙasan mota, ka leƙa gindin ƙofofi da cikin but inda ruwa ke kwanciya, domin injin ana sake shi amma tsatsar da ta ci ƙashin mota mai walda rufewa kawai zai yi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikin bodi. Inda ya ƙi kamawa, ƙullun fenti ne aka cika. Ka buɗe murfin lagireto da sanyin safiya kafin a tayar da ita, in ka ga ruwan ya yi kamar kunu, baƙin mai ya haɗu da ruwa. Sannan ka sa a ɗaga ta a gareji ka kalli ƙafar baya da idonka: in mai sayarwa ya ce salun GL ce ta 1975 amma ka ga sandar ƙarfe guda daga taya zuwa taya, to ku sake zama kan farashi.