Lodi a kan rufin mota ko jan remok: wanne ya fi daga Ngaundare zuwa Garwa?

Assalamu alaikum Alhaji. Ka ce kana da buhun masara huɗu da za ka kai Garwa da Corolla, kana neman shawara ko ka ɗaure su a kan rufi, ko ka ari ƙaramar remok, wato tirelar kaya mai taya biyu, ka ja.

Maganar rufi gajeriya ce. Yawancin ƙananan motoci ba a yi rufinsu don ya ɗauki fiye da kilo 50 zuwa 75 ba, har da nauyin ƙarfen da ake ɗora kayan a kai. Buhu ɗaya mai kilo 100 ya riga ya wuce ƙa'ida. Nauyi kuma in ya hau sama, mota takan yi tangaɗi a kwana, kana kauce wa rami ko saniya sai ta nemi kifewa. Katifa da tabarma, to. Hatsi kam a'a, ko da kana ganin 'yan tasha suna yi kullum.

Remok ta fi, don nauyin yana ƙasa a kan tayoyinta. Sai dai tana da nata sharaɗin. Lasisin tuƙi na rukunin B, na ƙananan motoci, yana ba ka damar jan wadda ba ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta, amma wannan lissafin jandarma ne, motarka tana da nata. Remok marar birki bai kamata ta wuce rabin nauyin motar da ke janta ba. Corolla ba ta fi tan ɗaya da 'yan kai ba, ka ga kilo 400 na masara da nauyin remok ɗin kanta sun kai ka bakin iyaka. In ni ne, zan bar buhu uku a remok, ɗaya a but, in rage fasinja.

Wajen lodi ake yawan kuskure. Mafi yawan nauyin ya zauna gaban tayoyin remok kaɗan, yadda bakinta zai danne ƙugiyar mota, a ɗaure tamau. In nauyi ya koma baya, da ka ɗan taka wuta za ta fara kaɗa wutsiya tana jan bayan motar. Idan haka ta faru kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe ta a miƙe har ta lafa.

Abin da ya fi damuna a hanyar nan shi ne gangaren dutsen da ake kira falez, kafin garin Mbe. Ngaundare tana sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana can ƙasa a bakin Binuwai. Remok marar birki turo ka za ta yi tun daga sama, birkin motarka kaɗai ke tare nauyin duka, in ya yi zafi kuma sai ya daina kamawa. Sa giya ta biyu tun kafin ka fara gangarawa, inji ya riƙe motar, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da manyan motoci. In za ka sami remok mai birkinta, ita ce ta wannan hanya.

Kafin ka tashi, a ɗaura sarƙar tsaro ƙari a kan ƙugiya, a gwada fitilar birki da sigina, a auna iskar tayoyin remok da safe tun ba su ɗau zafi ba. Ka riƙe mata safaya, don ba lallai tayar Corolla ta shiga ba. Allah ya kai ka lafiya.