Yaran nan sun iya, masu shirya taron ne matsala

Taron kiɗa na je, okestira ce ta matasa, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da busa da ganguna, yawancinsu 'yan sakandare, akwai ma wani yaro da babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye ya fi shi tsawo. Ba makirufo ba sifika, sautin da ya fito daga hannunsu da bakinsu shi ne ya cika hol ɗin, kuma wallahi duk yadda ka saba jin irin kiɗan nan a waya bai kama ƙafar wannan ba, a ƙirji ake jin sa.

Sinfoni ta 5 ta Beethoven suka kaɗa, wato dogon kiɗan okestira na shahararren mai tsara kiɗan nan ɗan Jamus, wadda aka fara yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1808 lokacin kunnensa ya riga ya fara mutuwa. Kashi huɗu ce. A kashin farko mai busa ƙaho ya ɗan zame, na ga fuskarsa ta canza amma jagoran ko kallonsa bai yi ba, ya ci gaba da kaɗa sandarsa, yaron ya dawo hayyacinsa. Wannan ya burge ni.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yara uku masu tirombon, wani dogon abin busa na ƙarfe, can baya. Tunda aka fara suna zaune, kayan busar a cinya, don Beethoven bai rubuta musu komai ba sai a kashi na huɗu, ka ga yaro matashi zaune shiru fiye da minti 20 yana jiran lokacinsa, ɗayan sai goge tafin hannu yake a wando. To a ƙarshen kashi na uku sai kiɗan ya yi ƙasa can kamar zai ɓace, masu goge sun ja sauti siriri, yarinyar da ke kan manyan ganguna tana ɗan taɓawa a hankali leɓenta na motsi tana ƙirga, abin na hawa kaɗan kaɗan ba tsayawa, kawai sai yaran nan uku suka ɗaga tirombon tare, gaba ɗaya ƙungiyar ta fashe da sauti. Tsigar jikina ta tashi, hawaye ya zo min, ban ɓoye ba.

Amma fa raina ya ɓaci. Daidai wurin shirun nan wayar wani bawan Allah ta yi ƙara a layin bayana, ya tsaya lalube a aljihu. Ba wanda ya yi sanarwar a kashe waya kafin a fara. Kuma suna ta shigo da waɗanda suka makara a tsakiyar kashi na biyu, ƙofa na ƙara, ana haska kujeru da tocilan. Haba! Yaran da suka sha wahalar atisaye, ai bai kamata a yi musu haka ba. Ko takardar da za ta nuna sunayensu ba ta ishi mutane ba, ni ban samu ba, kuma na so in san sunan yarinyar gangar nan.

In sun sake yi zan koma, ku ma ku je, ku nemi kujera a tsakiya nesa da ƙofa. Yaran na ba su cikakken maki. Masu shiryawa kuwa har yanzu ina jin haushinsu, maganar wayar nan ta ƙi fita min a rai.