KEXP a YouTube: wurin da nake farautar sababbin makaɗa

Idan aka ce mini wata ƙungiyar kiɗa ta iya, yanzu ba na gardama, sai in duba ko ta taɓa wasa a KEXP. Gidan rediyo ne a birnin Siyatil na Amurka. Ya fara a 1972 a matsayin rediyon ɗaliban jami'a, ya ɗauki wannan suna a 2001, kuma gudummawar masu saurare ce ke riƙe da shi. Abin da ya kai mu nan Maraɗi shi ne tasharsu ta YouTube, inda suke shigar da makaɗa cikin ɗaki su yi waƙa huɗu ko biyar kai tsaye, kyamara na kan yatsunsu.

Ɗan ƙasarmu ne ya ja ni can. Ina neman wasan Mdou Moctar, Buzun nan na jihar Tawa mai kaɗa jita da hannun hagu, wanda kamfanin Matador ya fitar wa da faifai a 2021. Da ya ƙare sai na bar bidiyo na gaba ya shigo, daga nan ƙofa ta buɗe.

Khruangbin su ne suka fi kama ni. Mutum uku ne daga Hustan ta jihar Tekzas, mai jita, mace mai bas (jitar nan mai kaurin sauti), da mai ganga, kuma yawancin kiɗansu babu baiti. A faifai za ka iya zaton na'ura ce ta daidaita musu komai. Sai ka ga mai gangar zaune, kafaɗarsa ko motsi ba ta yi, amma bugunsa bai kauce ba har ƙarshe. Nan na gane amfanin tashar. Waƙa ɗaya mai daɗi tana iya zama sa'a, ko aikin injiniyan sauti, amma minti ashirin a gaban kyamara ba a yi musu ƙarya. Wanda bai iya ba, tun waƙa ta biyu asirinsa ke tonuwa. IDLES na Ingila kuwa hayaniya ce zalla, gumi da ihu. Na sa su a fadarmu ana dafa shayi, wani abokina ya ce, "Malam, wannan kiɗa ne ko faɗa?" Ni dai na ƙarasa kallo.

Ɓangaren kiɗan na'ura ya fi wuyar sha'ani. Kiasmos, mutum biyu da suka haɗu a Aislan, sautinsu na ratsa jiki, sai dai kallonsu kamar kallon mai gyaran salula ne ya duƙufa kan teburinsa: ana aiki, amma ba ka ganin me ake taɓawa. Sylvan Esso sun fi su kallo, don mace ce ke rerawa tana rausaya, namijin na murɗa maɓallai a gefe. Kada ma wani ya ce irin wannan kiɗa baƙo ne a Nijar. Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki (abin kiɗa mai maɓallai irin na fiyano) tun 1978, an daɗe ana sa shi a rediyo da talabijin na ƙasa, kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Iyayenmu sun san sautin ko da ba su riƙe sunan mai shi ba.

Akwai hira tsakanin waƙoƙi, da Turanci ake yi, ni kan tsallake ta. Babbar matsala dai ita ce data, don cikakken wasa ɗaya na iya lashe forfen yini. Ina rage hoton zuwa 360, sauti bai cika raguwa ba. Kuma a nemi abin sa wa a kunne mai kyau, ko ƙaramin amsa-kuwwa, saboda lasifikar waya tana haɗiye bas gaba ɗaya, alhali a wajen Khruangbin bas ɗin ne rabin daɗin. Wanda zai fara, ya fara da Mdou Moctar, kunnensa ya riga ya saba da wannan jitar.