Maman Hanan, ɗigon bitamin D ko alawar bitamin?

Maman Hanan, kin tambaya wanne za ki ba Hanan, ɗigon bitamin D ko alawar bitamin. Ga yarinyar da ke shan maganin gudda (wato thyroid, da ke a wuya), ni ɗigon zan ce miki, amma sai an yi mata tahlil, wato gwajin jini, tukuna.

Autana yana da shekara 6 aka gano guddarsa ta yi kasala, aka ɗora shi a kan ƙwayar Euthyrox. Yawan barcin ya ragu, sai dai kullum bayan isha'i zai zo ya miƙe mini ƙafafu a cinya, wai in matsa masa. Likitarsa a nan Jidda ta sa aka auna bitamin D, aka same shi ƙasa da 20, wato bai kai yadda ake so ba. Har dariya na yi, na ce duk ranar nan ta Jidda? Ta ce yaushe rabon da ta taɓa jikinsa? Da gaskiyarta, daga gida sai mota, daga mota sai aji mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki). Ta rubuta mana ɗigo, 'yar kwalbar da ba ta fi babban yatsana ba. A cokali nake ɗiga masa bayan abincin rana, don da maiƙo jiki ya fi karɓarsa. Bayan wata uku aka sake aunawa ya hau, matsar ƙafa kuma tuni ya manta da ita. Ƙwayarsa dai ba mu taɓa fashi ba, da sassafe da ruwa zalla, rabin awa kafin karin kumallo. Ɗigon giɓi ya cike, bai karɓi aikin ƙwayar ba.

Alawar kuwa sau ɗaya na saya, daɗin baki ne kawai. Juya robar ki karanta. Da yawa akwai biyotin (wani nau'in bitamin B) a ciki, shi kuma yana iya rikita sakamakon tahlilin gudda, wato TSH da T4. Wasu akwai aidin, wanda in ya yi yawa yake ƙara dagula guddar. Mai sinadarin ƙarfe ko kalsiyam yana tare maganin a hanji, sai an bar awa 4 a tsakani.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu talla a WhatsApp. Wata ta taɓa kawo mini roba ba ranar lalacewa, tana rantsuwa wai wata biyu zai rabu da ƙwaya. Toshe ta na yi. Tsayin yaro da ƙwaƙwalwarsa ne fa a kan ƙwayar nan.

Ki kai Hanan a auna mata bitamin D. In ya yi ƙasa, likita ya yanka mata adadin, ki saya a saidaliyya, wato kantin magani. Allah ya ba ta lafiya.