Pptx, PDF da mp4: abin da ya same ni ranar difens

Wallahi har yau in na tuna ranar difens ɗin nan, wato ranar da na kare furojet ɗina a gaban malamai, sai gabana ya faɗi. Sati uku ina haɗa silaid ɗin furojet ɗina a kan karin maganar ƴan kasuwa, na sauko da wani font, wato salon haruffa, mai kyau daga intanet, na sa bidiyon hirar da na yi da wani dattijo mai ɗinkin sirdi a kasuwar Kurmi, na ajiye a pptx, wato fayil ɗin PowerPoint, na zuba a filash hankalina kwance. Ana jona filash ɗin a kwamfutar ɗakin taro sai ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ƴan akwatuna, rubutun ya hau kan hoto, wajen bidiyon kuma baƙi ƙirin, na danna na sake dannawa shiru, ga malamai huɗu a zaune suna kallona ga zufa tana keto min ta cikin hula.

Allah ya taimake ni a daren jajibiri ƙanwata ta matsa min sai da na ajiye kwafi ɗaya a PDF na tura wayata. Shi aka buɗe, kuma ko wasali ɗaya bai goce ba, ƙugiyoyin nan duk suna nan ras. Ashe shi PDF yana tafiya ne da font ɗinsa a cikinsa, shi kuwa pptx in ba kai ka shiga saitin ajiya ka ce ya haɗa da font ba, wanda ya tarar a kwamfutar da aka buɗe shi da shi zai yi aiki. Adobe ne suka fito da PDF a 1993, a 2008 ya zama ma'aunin ISO, wato hukumar daidaita ma'auni ta duniya, shi ya sa kusan kowace waya ke buɗe shi ba gardama. A ranar da za a ce in ba shi maki goma zan ba shi cif.

Amma fa da na dawo gida na natsu sai raina ya sake ɓaci, don PDF ɗin takarda ce kawai a kan allo, muryar Baba mai sirdi ba wanda ya ji ta, ita ce kuwa zuciyar aikin gaba ɗaya. Wani yaro a shagon kwamfuta ya nuna min cewa pptx, tun daga Office 2007, zip ne kawai, wato ƙunshin fayiloli da aka matse wuri ɗaya, ya canza ƙarshen sunan zuwa .zip ya buɗe foldar media, hotuna na ciki amma bidiyo babu, wato hanyar inda yake a laftof ɗina kawai na liƙa, shi kansa yana gida. Akwai odp ma, wato fayil ɗin silaid na manhajar LibreOffice, kyauta ne, sai dai a sashenmu ban ga mai shi ba.

Yanzu in zan tura wa mutane sai in fitar da silaid ɗin a mp4, wato bidiyo, murya da motsi da rubutu duk a dunƙule, yana da nauyi kam yana cin data kuma ba a gyara shi, amma ko a ƙaramar waya yana tashi. Da na san haka tun farko da malaman nan sun ji yadda dattijon ya kawo karin magana bakwai a jere yana jan zare bai ko ɗago kai ba.