Shagon cike takardu na unguwarmu a Bronx ta New York, yadda suka min bayan na yi rantsuwar zama 'yar Amurka

Salam 'yan uwa, tunda mutane sun dame ni da tambaya wai wa ya taimaka min da takardu bayan rantsuwa, bari kawai in faɗi yadda muka yi da shagon nan, mai kyau da marar kyau. Ƙaramin shago ne, wani dattijo ɗan zangon Kumasi ke da shi, kowa Baba Alhaji yake ce masa, shi da yara biyu masu taya shi, suna ɗaukar hoton fasfo, suna kwafi, suna taya mutum cike fom. Tun ranar farko ya ce min "'yata ni ba lauya ba ne fa, in maganarki ta shari'a ce sai ki nemi lauya", kuma wannan maganar ce ta sa na yarda da shi.

Da takardar gayyata zuwa rantsuwa ta zo, wato N-445, na kai masa ina rawar jiki. Ya nuna min tambayoyin da ke jikinta, ko kin yi tafiya waje, ko aure ya canza, ko an kama ki tun bayan intabiyu, ya ce kar in cike sai safiyar ranar, kuma in faɗi gaskiya. Tawa rantsuwar a kotun tarayya ta Manhattan aka yi, lamba 500 titin Pearl, saboda na nemi gyaran suna don ya zo daidai da na fasfona na Najeriya da NIN, shi kuma canjin suna sai gaban alƙali. Wallahi da muka ɗaga hannun dama muna maimaitawa sai da hawaye suka zubo min, Babana marigayi na tuna, da ranar da ya raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano. Wurin da ake cewa ka bar biyayya ga wata ƙasa ya min nauyi a baki ba kaɗan ba, duk da na san sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe ƙasa biyu ba.

To ga inda Baba Alhaji ya ci kuɗinsa. Ya ja min kunne tun kafin ranar cewa za su karɓe girin kad ɗinki, wato katin izinin zama, a wurin ba za ki sake ganinsa ba, daga nan satifiket ɗin zama 'yar ƙasa da za su ba ki shi kaɗai ne shaidarki a hannu, don haka kar ki bar zauren sai kin karanta sunanki harafi harafi da ranar haihuwa, in akwai kuskure a nan za ki yi magana, in kin tafi gida sai dai fom N-565 na neman sabon satifiket da jiran da ba ki san ƙarshensa ba. Haka na tsaya ina dubawa mutane na wuce ni suna ɗaukar hoto da tuta. Kuma ya hana ni sayen tikitin Kano, ga bikin ƙanwata ya matso ni duk na ƙagu, ya ce ɗan Amurka da fasfon Amurka yake fita kuma da shi yake shigowa, ba girin kad ba fasfo ki ce za ki hau jirgi? Da ba don shi ba da na saya wallahi, don har na ga mai araha.

Washegarin rantsuwa ya min kwafin satifiket, ya taya ni cike DS-11, fom ɗin neman fasfo, da baƙin biro, ya ce kar in sa hannu sai ma'aikacin gidan waya ya ce in sa. Kuɗin fasfo dala 130 ne, sai dala 35 na wurin da suka karɓa, ni na ƙara 60 don a hanzarta. Abin da ya fi tada min hankali shi ne ainihin satifiket ɗin ake haɗawa a tura, na ce Baba in ya ɓata fa? ya ce zai dawo a ambulan ɗinsa daban, ba tare da fasfo ba, kar in tsorata in na ga fasfo shi kaɗai. Haka kuwa aka yi. Shi ne ma ya rubuta min 'yar takardar da na sa wa hannu cewa hijabina na addini ne kullum nake sawa, saboda hoton. Sannan ya tuna min 'yata mai shekara 12 da aka haifa a Kano, tunda tana da girin kad tana gabana kuma ba ta kai 18 ba ita ma ta zama 'yar ƙasa ta dalilina, muka nema mata nata, amma sai da babanta ya bar aiki ya zo saboda yaro ƙasa da 16 iyaye biyu ake so.

Sauran ba wuya, ofishin Social Security, inda za su gyara bayanaina cewa na zama 'yar ƙasa, Baba ya ce in bari a yi kwana goma tukunna, ni ma sai da fasfo ya zo na je da shi, daga nan lasin tuƙi da takardar kotu ta canjin suna, sai banki da wurin aiki. Rajistar zaɓe kuwa a wurin rantsuwa na cike.

Laifinsu kuma ba zan ɓoye ba. Yaron da ke ɗaukar hoto ba ya natsuwa, hoton farko inuwa ta fito a bayana, gidan waya suka ƙi karɓa, na dawo na rasa layina na ranar, raina ya ɓaci sosai. Sun sake min kyauta, Baba ya ba ni haƙuri ya yi wa yaron faɗa a gabana. Ga waya ba sa ɗagawa, ranar Asabar kuwa cika yake ba wurin zama, mai goyo ta je da safe tsakiyar mako. Kuma ku duba hoton da idonku kafin ku fita daga shagon dan Allah.

Ƙawata 'yar Maraɗi tana jiran tata takardar gayyatar, na riga na ce mata ni zan kai ta wajensa da kaina.