Commodore 64, ZX Spectrum ko Apple IIe: Wacce Za Ka Fara Saya?

Duk wanda ya shiga sha'awar tara tsofaffin kwamfutoci, waɗannan ukun ne zai fara cin karo da su a kasuwar gwanjo ta intanet. Dukansu sun haura shekara arba'in, saboda haka abin dubawa shi ne wacce za ta tashi idan ka kunna, kuma idan ta mutu, ina za ka samu kayan gyara.

Spectrum, wadda kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982, ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. Furosesar Z80 ce a cikinta, mai gudun megahaz 3.5, da ma'adana kilobayit 16 ko 48. Ka nemi ta 48. Madannanta na roba ne, kuma siririyar ledar da ke ƙarƙashinsu takan tsattsage, sai dai ana ƙera sabuwa har gobe. Sauti kuwa ba a cewa komai, ƙara ce kawai kamar ta gyare. A 2024 kamfanin Zilog ya daina ƙera ainihin Z80, amma na hannu suna nan jibge.

Ni dai Commodore 64 nake ba mutum shawara. Ita ma 'yar 1982 ce, da furosesa 6510, ƙanwar furosesa 6502 da aka fara sayarwa dala 25 a 1975. A lissafi kusan megahaz 1 take yi, ka ce Spectrum ta fi ta, amma tana da guntu na musamman na hoto da wani na sauti mai suna SID, waɗanda ke ɗauke wa furosesar nauyi. An sayar da miliyoyinta, shi ya sa kayanta ba su da wuya. Aibinta ɗaya ne, kuma babba: adaftar wutarta ta asali. Idan ta tsufa takan turo wuta fiye da volt 5, ta ƙone ma'adana nan take. Kada ka gwada ta ko sau ɗaya, sayi sabuwa tun kafin kwamfutar ta iso. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko SID ɗin yana ciki, don wasu sukan cire su sayar daban.

Apple IIe ta 1983 ta fi su tsada da nauyi, kuɗin dakonta kaɗai ya isa ya sa ka sake tunani. Ta dace da mai son buɗe murfi ya koyi yadda furosesarta 6502 ke aiki, saboda ramukan kati da ke cikinta. Ka sa a canja tsohuwar kafasitar RIFA, wata 'yar na'urar tace wuta da ke sashen wutarta, takan fashe da hayaƙi.

Idan a Najeriya ko Nijar za ka kunna, sayo daga Turai. Wutarmu ta dace da tasu, haka ma tsarin talabijin na PAL na Najeriya. Ta Amurka volt 120 take ci, sai ka haɗa da taransifoma.